Dalmar da aka harba, wa zai kwashe ta?

Duk wanda ya tsaya a filin koyon harbi, idonsa na kan abin da yake hari. Da zarar ya ja kunama, ya ji ƙara, ya ga ko ya samu ko ya kuskure, shi dai a wajensa magana ta ƙare. Harsashin kuwa yanzu zamansa ya fara. Ya je ya nutse cikin tudun ƙasar da aka tara a bayan allunan hari kamar ganuwa, ko kuma, in bindigar farauta ce mai watsa ƙwayoyi, ya tarwatse ya zubo kamar yayyafi a kan ciyawa ko fadama ko ruwa. Dalma ba ta ruɓewa kamar ganye, ba ta ƙonewa ta bi iska. Inda ta faɗi nan take jiran ranar da wani zai biya kuɗin kwashe ta, kuma rigimar da ake yi a kotuna fiye da shekara talatin ke nan duk a kan wannan "wani" ɗin ce.

Bari mu fara da lissafi, don shi ke nuna girman abin. Kwanso ɗaya na bindigar da ake harbin faifan yumɓu da ita (faifan da inji ke cillawa sama a harbe shi) yana ɗauke da giram 24 zuwa 32 na ƙwayoyin dalma. Mu ɗauki 28. Zagaye ɗaya faifai 25 ne, wato giram 700 ke nan mutum ɗaya ya watsa cikin ƙasa da rabin awa. A ce ƙaramin kulob ne, mutum 50 ke zuwa a mako, kowa ya yi zagaye biyu: kilo 70 a mako, tan uku da rabi a shekara in an yi mako 50, tan 140 a shekara 40. Babu wanda ya yi niyyar ɓarna a cikinsu, kowa wasansa ya zo yi. Amma da a ce wata masana'anta ce ta ɗauko tan 140 na dalma ta zube a bakin tafki, da tuni an rufe ta.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta cewa akwai filayen harbi na sarari kimanin 9,000 a ƙasar, ban da na soja. A Tarayyar Turai kuwa, hukumar kula da sinadarai, ECHA, ta ce kusan tan 44,000 na dalma ke watsuwa a muhalli duk shekara ta hanyar harbin wasa da farauta da kamun kifi, kuma kashi 57 cikin ɗari daga harbin wasa yake fitowa. Ma'ana, filayen da aka keɓe don harbi sun fi daji karɓar dalma, sannan a wuri ɗaya suke tara ta.

Ka tona tsohon tudun harbi ka ɗebo ƙasa cikin tafin hannu, nauyinta kaɗai zai gaya maka ba ƙasa ce zalla ba. Ka tsinci ƙwaya ɗaya ka duba. Sabuwar dalma tana da ɗan sheƙi, wannan kuwa ta yi wani ɓawo fari-fari mai ruwan toka, in ka murza da yatsa sai ya bar maka gari. Iska da danshi ne suka ci saman ƙwayar suka mai da shi wani gishirin dalma, kuma wannan garin shi ne abin tsoro, domin shi ruwa ke iya narkarwa, shi iska ke ɗauka, shi ke manne wa takalmi da tayar mota. A tudun da ake harbin bindiga mai harsashi ɗaya ma abin ya fi muni, saboda sabon harsashi kan daki tsoho a cikin ƙasa, su farfashe su zama ɓarɓashi. An sha auna ƙasar irin waɗannan tuddai a sami dubun-dubatan miligiram na dalma a kilo ɗaya. Ka kwatanta da ma'aunin da EPA ta daɗe tana amfani da shi wajen tantance ƙasar unguwannin zama, miligiram 400 a kilo, wanda ta rage zuwa 200 a watan Janairun 2024.

Gaskiya ita ce ba kowane filin harbi ne ke sa wa rijiyar maƙwabta guba ba, kuma ya kamata a faɗi haka. A ƙasa mai laka wadda ba ta da tsami, dalma kan tsaya a sama-sama ta yi shekaru ba ta motsa ba. Inda take tafiya shi ne ƙasa mai yashi, mai tsami, wurin da ake ruwan sama da yawa kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Mafi sharri duka shi ne a harba kai tsaye cikin fadama ko tafki. Agwagin ruwa suna tsintar tsakuwa su haɗiye don ƙundunsu ya niƙa abinci, kuma ba sa bambance tsakuwa da ƙwayar dalma. Ƙundun ya niƙe ta, ta shiga jini, tsuntsu ya rame, fukafukansa su saki, ya mutu a cikin ciyayi inda ba mai gani. Mikiyar da ta ci gawarsa ita ma ta ɗauka. Saboda haka ne Amurka ta hana farautar tsuntsayen ruwa da ƙwayar dalma a faɗin ƙasar tun 1991. Game da ɗan Adam kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yara ƙanana suka fi shan wahala, don takan taɓa ƙwaƙwalwarsu tun tana girma, taɓawar da ba ta gyaruwa. Su faifan yumɓun ma ba su kuɓuta ba: an daɗe ana haɗa su da kwalta, wadda ke ɗauke da sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji.

Yaushe harsashi ke zama shara?

Wannan tambayar kamar ta wasa, amma a kanta miliyoyin daloli suke rataye. A Amurka, inda aka fi gwabza wannan shari'a, akwai dokar kula da shara ta 1976 da ake kira RCRA. Wanda ke zubar da shara mai haɗari sai ya nemi lasisi, ya bi sharuɗɗa masu tsauri. Masu filayen harbi suka ce su ba shara suke zubarwa ba: an ƙera harsashi don a harba shi, an harba shi, ya yi aikin da aka yi shi dominsa, kamar yadda ba a cewa manomin da ya zuba taki a gona ya zubar da shara.

Shari'ar da ta fara warware wannan ƙulli ita ce ta Lordship Point, wani tsini na ƙasa a garin Stratford na jihar Connecticut, inda kamfanin Remington ya gudanar da kulob ɗin harbin faifai tun shekarun 1920 har zuwa ƙarshen 1986. Masu harbi suna tsaye a tudu suna fuskantar teku, don haka komai cikin ruwan Long Island Sound da gaɓarsa yake faɗawa. An ƙiyasta abin da ya taru: kimanin tan 2,400 na ƙwayoyin dalma, da fasassun faifai masu nauyin fam miliyan 11. Bincike ya gano dalma ta hau a jinin baƙaƙen agwagin da ke kiwo a wurin. Wata ƙungiyar masunta ta jihar ta kai ƙara, kuma a 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci cewa ƙwayoyin da aka bari suka taru shekara da shekaru, bayan sun gama aikinsu, sun zama abin da aka yar, wato shara, kuma dalmar cikinsu shara ce mai haɗari.

Daga nan aka sami matsayar da EPA ke kai har yau, wadda ta rubuta a littafin jagora da ta fitar wa masu filayen harbi a 2001. A lokacin da aka harba harsashi, ba shara ba ne, don haka ba a buƙatar lasisin zubar da shara kafin a buɗe fili. In an tattara dalmar an kai wa masu narkarwa, ƙarfen gwangwan ce, ba ta shiga ƙa'idojin shara mai haɗari. Amma in an ƙyale ta ta yi ta taruwa, ko aka rufe fili aka tafi aka bar ta, to gwamnati ko kowane ɗan ƙasa na iya zuwa kotu ya nemi a tilasta kwashewa, muddin ya nuna tana iya jawo haɗari babba kuma na kusa ga lafiya ko muhalli.

A nan nake ganin asalin matsalar take. Ƙwaya ɗaya ce, a wuri ɗaya take kwance, gubarta ba ta canza ba, amma sunanta a doka ya danganta da ko ƙofar kulob a buɗe take ko a rufe. Muddin ana harbi ana karɓar kuɗin shiga, doka ba ta cika matsawa ba. Ranar da aka daina, ranar da babu sauran kuɗin shiga, ranar ce nauyin ke faɗowa gaba ɗaya. An tsara abin yadda takardar bashi za ta iso daidai lokacin da aljihun mai bashin ya bushe.

Hanya ta biyu ita ce dokar tsaftar ruwa ta 1972, wadda ta hana zuba gurɓataccen abu cikin koguna da tafkuna da tekun ƙasar daga wata tsayayyiyar kafa ba tare da izini ba. Abin da aka saba nufi da kafa shi ne bututu ko magudana. A 1996 wata kotun tarayya a New York ta duba filin harbin da New York Athletic Club ke da shi a Travers Island, ta ce dandamalin da ake tsayawa a harba, da injin da ke cilla faifai, su ma kafa ce, tunda an gina su yadda komai zai ƙare a ruwa. Sai dai wannan doka tana da gejinta. A shari'ar Lordship an yi watsi da ɓangaren da ya shafi ruwa saboda an riga an daina harbi kafin a shigar da ƙara. Sannan a 2023 Kotun Ƙoli, a shari'ar Sackett, ta taƙaita irin fadamun da dokar ke karewa.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya kai ƙara nasara yake yi. Maƙwabtan kulob ɗin Metacon da ke Simsbury, a Connecticut ɗin dai, sun kawo sakamakon awo da ya nuna dalma a ƙasa ta haura ma'aunin jiha, amma a 2009 kotun da ta yanke hukuncin Lordship ta ce wannan bai isa ba. Sai an nuna hanyar da dalmar za ta bi ta kai ga mutum ko dabba, da kuma cewa haɗarin babba ne. Irin wannan hujja sai da ƙwararru da haƙa rijiyoyin gwaji, kuma talakan maƙwabci ba kasafai yake da kuɗinsu ba.

Doka ta uku ita ce mai nauyin hannu: CERCLA ta 1980, wadda aka fi sani da Superfund. Ba ta tambayar wa ya yi sakaci. Mai filin na yanzu, da wanda ke gudanar da shi, da wanda ya mallake shi ko ya gudanar da shi lokacin da aka zubar da abin, duk suna cikin waɗanda za a iya kamawa. Tana komawa baya ta kama abin da aka yi tun kafin a kafa ta, ko da a lokacin halal ne. Kuma a mafi yawan lokuta ana iya ɗora wa mutum ɗaya dukkan kuɗin, shi kuma ya je ya nemi sauran su biya shi rabonsu. Hikimar ita ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma a aikace, wanda ake iya kamawa shi ne wanda ke nan kuma yake da abin hannu. Kulob ɗin da ya watse shekara 30 da suka wuce ba shi da ofis, ba shi da asusu. Mai ƙasar da ya ba su haya yana nan. Magajin da ya gaji gonar da kakansa ya bar abokai suna harbi a ciki yana nan. Wanda ya sayi fili don ya yanka fulotai shi ma yana nan, kuma kariyar da doka ta ba mai saye tana aiki ne kawai in ya yi cikakken binciken tarihin filin kafin ya biya kuɗi.

Abin da ya faru a tafkin Merced na birnin San Francisco ya nuna inda nauyin kan sauka. Pacific Rod and Gun Club ya yi harbi a gaɓar tafkin, a kan ƙasar birni, daga 1934 zuwa 2015. An daina amfani da dalma a wurin tun 1994, amma ta shekara 60 ɗin farko tana kwance. Hukumar ruwa ta birnin ce ta kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aikin da aka yi wa kuɗi kimanin dala miliyan 22. Birnin ya kai kulob ɗin kotu, aka sasanta a kan dala miliyan 8.25. Ragowar ta faɗa kan jama'ar da akasarinsu ba su taɓa taka filin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai karatu zai ce, ina inshora? Tun wajen 1973 kamfanonin inshora a Amurka suka fara cire gurɓata muhalli daga abin da suke biya, sai in ya auku kwatsam kuma bisa tsautsayi, sannan a 1986 suka cire shi kusan ɗungurungum. Taruwar dalma a hankali ba ta shiga cikin kwatsam. Shi ya sa a yau akwai mutanen da sana'arsu ita ce tonon tsofaffin takardu: su bi ɗakunan ajiya da akwatunan tsofaffin sakatarorin kulob suna neman takardar inshora ta shekarun 1950 ko 1960, lokacin da ba a sa wannan togaciya ba. Takarda ɗaya da ta yi jawur don tsufa tana iya zama bambanci tsakanin kulob ya biya wani abu ko ya ce ya talauce.

Wasu jihohi sun zaɓi su kare filayen. A 2004 Fulorida ta yi doka da ta hana hukumomin jiha da ƙananan hukumomi kai filin harbi ƙara kan dalma, muddin yana ƙoƙari da zuciya ɗaya wajen bin ƙa'idojin kula da muhalli. Ina fahimtar dalilin: in aka rufe filaye masu tsari, mutane za su koma harbi a daji da ramukan haƙar yashi, inda babu mai tattara komai. Amma kariya daga ƙara ba ta rage ko giram ɗaya daga abin da ke cikin ƙasa, kuma dokar jiha ba ta ɗaure hannun dokokin tarayya.

Suwizalan ta bi wata hanya dabam, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙasa ce da harbi ya shiga jininta, domin 'yan ƙasar da ke aikin soja na tilas suna da atisayen harbi na shekara-shekara da ake yi a filayen garuruwa. Kimanin filaye 4,000 ne ke cikin rajistar wuraren da suka gurɓata. Ƙungiyoyin harbi ba su da kuɗin gyara, don haka nauyin yakan koma kan garuruwa da jihohi. Gwamnatin tarayya ta ce za ta taimaka daga wani asusu da ake tarawa ta harajin zubar da shara, amma da sharaɗi: a daina harbi cikin ƙasa. Wa'adin ya kasance ƙarshen 2012 ga filayen da ke yankin kare ruwan sha, ƙarshen 2020 ga sauran. Duk filin da ke son tallafi sai ya kafa akwatin kama harsashi a bayan kowane allo. An yarda jama'a su ɗauki wani kaso na tsohon bashi, amma an toshe ƙofar sabo. A matakin Tarayyar Turai kuma, tun 15 ga Fabrairun 2023 an hana harba ƙwayar dalma a cikin fadama ko tazarar mita 100 daga gare ta, yayin da Danmak ta hana ƙwayar dalma tun 1996.

Sauya ƙarfe shi ne maganin da ya fi kai wa ga tushe, kuma ga harbin faifai ƙwayar baƙin ƙarfe ta daɗe tana aiki. Amma a yi hattara da gaggawa. A sansanin soja na Camp Edwards da ke Cape Cod a jihar Massachusetts ta Amurka, wanda ke zaune a kan ruwan da yankin ke sha, EPA ta dakatar da harbin dalma a 1997. Sojoji suka koma harsashin ƙarfen tungsten da aka ɗauka ba ya narkewa. A 2006 aka dakatar da shi ma, bayan an gano tungsten ɗin ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. An gudu ba a tsira ba.

Filayen da ke cikin gini nasu babin dabam ne, don can ƙurar da ma'aikata da masu harbi ke shaƙa ce matsalar, kuma dokar kare ma'aikata ke kula da ita: a Amurka iyakar ita ce maikurogiram 50 a kowace mita kubik ta iska cikin awa takwas. Sai dai matatun iska da ƙurar da aka share daga irin wannan gini su ma sukan zama shara mai haɗari in za a zubar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyoyin rage wannan ɓarna sanannu ne, ba su da wani sirri. A juya alƙiblar harbi daga ruwa. A riƙa auna tsamin ƙasa, a zuba farar ƙasa don ta tsaya tsakanin 6.5 da 8.5 a ma'aunin tsami (pH), inda dalma ba ta cika narkewa ba. A shuka ciyawa, a yi magudanar da za ta tare ruwan sama kafin ya fita. A rubuta yawan harsashin da aka harba. Sannan duk bayan 'yan shekaru a kira masu kwashewa. Na fi son a ƙara abu ɗaya da doka ba ta cika tilastawa ba: a cire wani ɗan kaso daga kuɗin kowane zagaye a ajiye a asusun da ba a taɓawa sai ranar rufewa, kamar yadda ake tilasta wa masu bola da masu haƙar ma'adinai su ajiye jinginar gyara tun kafin su fara. Duk mai ba da hayar ƙasa ga kulob, gwamnati ce ko mutum, bai kamata ya sa hannu ba sai wannan sharaɗi na cikin yarjejeniya.

Su masu kwashewar aikinsu a fili yake. Sukan jira rani ƙasa ta bushe, su kankare saman inda ƙwayoyi suka fi zuba, su juye a injin da ke da rariya hawa-hawa. Duwatsu su tsaya a sama, ƙasa ta zube ƙasa, iska ta hure ciyawa da ɓawon roba, ƙwayoyin dalma su gangaro ta wani bututu cikin ganga. Ganga ɗaya in ta cika ta fi tan ɗaya nauyi, sai da injin ɗaga kaya. Masu narkarwa suna saye, kuma a filin da ake yawan harbi kuɗin dalmar kan biya aikin har a raba riba da kulob. In kuwa aka jira har ƙwayoyin suka zama gari suka gauraya da ƙasa, rariya ba ta da abin da za ta kama. Sai dai a gwada ƙasar, kuma in ruwan da aka jiƙa ta a ciki wajen gwajin ya fito da miligiram 5 na dalma a lita ko fiye, ƙasar kanta ta zama shara mai haɗari, a loda ta a manyan motoci zuwa bola ta musamman, ana biyan kowane tan.